Inda Baba Zai Sa Ido

Sokode, daren Lahadi

Na dawo daga wurin Baba a Dapaong, barci ya ƙi zuwa.

Na'urar hangen taurari biyu aka nuna min a kanti. Ɗaya tana da wurin sa ido, ɗayar sai dai ta turo hoto a waya. Na zaɓi ta wayar, alhali Baba na ce zan saya wa, shi da ke duba wa unguwarsu jinjirin wata kafin idonsa ya yi rauni.

Jiya da magariba ya yi ta shafa ta yana neman inda zai leƙa. Na miƙa masa waya.

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma ita ta gani. Ni me zan shaida wa liman?"

Kaina na saya wa. Tun a kanti na sani.