Baftismar da Baba Ya Kai Ni

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya maigida da yara? Ya ƙafar Mama, da sauƙi?

Yaya, wani abu ya tsaya mini a rai. Na nemi shiga zumuntar mata a cocin da nake zuwa nan Mpape, sai fasto ya tambayi baftismata. Na ce ina jaririya Baba ya kai ni, aka yayyafa mini ruwa. Ya ce wannan ba baftisma ba ce, sai an nutsar da mutum, har ya nuna mini aya. To ai fastonmu na gida ma aya yake nunawa! Wanne ne maganar Allah, wanne ne tsarin coci?

Na ce, "Baba ma yayyafa masa aka yi, a haka ya rasu."

Ina kewar bencinmu na gida, inda ba mai tambayata. Ba ruwan nake tsoro ba. Tsorona in shiga, ya zama kamar na ce ta Baba ba ta karɓu ba.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Mama, amma kada ki gaya mata.

Ƙanwarki,
Saratu