Ruwan da Ke Taruwa a Bayan Katangar Lomnov

Daga: Bohumil Krejčík, magini mai ritaya,
Gida mai lamba 9, Layin Gindin Fada, Lomnov.

Zuwa ga: Mai Girma Darakta,
Ofishin Kula da Tsofaffin Gine-gine na Gunduma.

23 ga Afrilu, 2019.

Game da: Toshe magudanan ruwa na babbar katangar fadar Lomnov, da haɗarin da mazauna Layin Gindin Fada suke ciki.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izini in gabatar da kaina. Shekarata saba'in da huɗu. Na yi shekara talatin da ɗaya ina gyaran katangun fadar garinmu, aikin da mahaifina ya yi kafin ni. A layin da ke gindin babbar katanga aka haife ni, a nan kuma nake zaune da matata Vlasta. Wannan ce takarda ta uku da na rubuta kan wannan magana. Ta 6 ga Nuwamba da ta 18 ga Fabrairu ofishin magajin garinmu na kai su da hannuna, har yau babu amsa. Dalilin da ya sa na tsallako gare ka ke nan, ba don raini ga kowa ba.

1. Na san tarihin nan yana ajiye a ofishinka, amma a yi mini haƙuri in tuna shi. Dutsen da fadar take kai mai shan ruwa ne. Ranar 27 ga Fabrairu, 1784, da ƙanƙara ta narke farat ɗaya, gefensa na kudu ya zame tare da tsohuwar ganuwa, ya binne gidaje bakwai da mutum goma sha tara. Ƙaramin cocin Barbara Mai Tsarki da ke ƙarshen layinmu a kan wurin aka gina shi, saboda ba a iya tono su duka ba. Bayan haka ne mai fadar na lokacin ya sa aka gina babbar katanga, aka haƙa magudanai goma sha biyu a cikin dutsen, masu kwashe ruwa daga lambun sama su zubar a rafi. Kowace shekara ana share su kafin sanyi ya shiga. Babu wadda ban shiga da rarrafe ba a cikinsu. Tun da aka yi su dutsen bai ƙara motsi ba.

2. A watan Oktoban bara majalisar gari ta ba wani kamfani kwangilar mayar da lambun sama wurin ajiye motocin baƙi, saboda bikin cikar Lomnov shekara ɗari bakwai. Sun sare bishiyoyin tuffa, sun malala kankare. Ranar 24 ga watan na hau na tarar sun cika bakin magudanai takwas da ɓaraguzai da ragowar siminti, sun kuma karkatar da ruwan filin duka zuwa rami ɗaya a bayan katangar. Da na yi wa shugaban ma'aikatan magana, cewa ya yi, "Baba, waɗannan ai ramukan ɓeraye ne, a taswirarmu ma babu su." Ban ga allon izinin ofishinka a wurin ba. Ina roƙon a duba ko an nemi izinin.

3. Ga abin da na auna da hannuna tun daga lokacin. Rijiyar tsakar fada, wadda duk tsawon aikina sai an zura igiya mita talatin da takwas kafin a taɓa ruwa, ranar 11 ga Maris mita ashirin da tara muka samu. Ranar 15 ga Afrilu ashirin da biyu. Uwargida Doubravka Sýkorová, mai riƙe da makullan fada, ita ta riƙe mini igiyar, kuma ta yarda a ambaci sunanta. Katangar ta tsage daga sama har ƙasa a bayan gida mai lamba 3. Na manna siraran gilashi uku a kan tsagar, yadda tsofaffin magina suke yi don su san ko gini yana tafiya. Na farko ya yi wata guda kafin ya fashe. Na biyu kwana goma sha ɗaya. Na uku kwana huɗu. Ɗakunanmu na ƙarƙashin ƙasa, inda muke ajiye dankali da gangunan kabeji, ruwa ya shiga biyar daga cikinsu, kuma ruwan fari ne kamar an dama alli. Ranka ya daɗe, injiniyoyinka za su gane ma'anar wannan farin. Farar ƙasar da ke riƙe da duwatsun katangar ce take wankewa daga ciki, tana zubowa a ƙarƙashin gidajenmu.

4. Ranar 2 ga Afrilu na tari magajin gari a dandali, kusa da ginshiƙin tunawa da annoba, na nuna masa gutsattsarin gilashin a tafin hannuna. Ajinsu ɗaya da ɗana a makaranta, ya sha cin abinci a teburinmu. Ya dafa kafaɗata yana dariya a gaban mutane, ya ce, "Baba Bohumil, kai dai tun da ka yi ritaya kowace katanga sai ta yi maka magana. Wannan da ta ga sojojin Sweden ba ta faɗi ba, motar bas ce za ta ka da ita?" Na mayar da gilashin aljihuna na wuce, don kada in kunyata shi. Amma ina so a rubuta cewa wannan katangar ba ta taɓa ganin sojojin Sweden da suka kawo wa garin nan yaƙi ba, an gina ta ne fiye da shekara ɗari da talatin bayan tafiyarsu. Ganuwar da ta gan su ita ce take kwance a ƙarƙashin cocin Barbara. Bayan kwana uku sai ga ma'aikatan kamfanin, suka shafe tsagar da siminti, suka yi mata fenti, suka rataya ƙyallen tallar biki a kai.

5. Shekaranjiya, Lahadin Ista, muka je cocin Barbara da safe ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ba makulli ba ne, dutsen saman ƙofar ne ya sauko ya danne ta. Sai da muka sa ƙarfe mu uku kafin ta buɗu. Limamin cocin ya duba sama, ya ce a yi addu'ar a waje, aka yi ta a tsaye cikin yayyafi, kowa ya juya wa katangar baya. Mutum arba'in da ɗaya ne a layinmu, shida yara ne. Uwargida Zdislava Mrázková ta gida mai lamba 3, mai shekara tamanin da shida, bangon ɗakin girkinta taku huɗu ne daga tsagar. Na roƙe ta ta koma wurin 'yarta. Ta ce, "Bohumil, ina zan je da wannan ƙafar? Kai dai ka rubuta musu da kyau, ka sa Vlasta ta duba maka rubutun." Vlasta ta duba. Ta kuma haɗa takardunmu da magungunanmu a jaka ta ajiye a bakin ƙofa, ba mu taɓa yin maganar jakar da ita ba.

6. An sa bikin ranar Asabar, 18 ga Mayu. Tsarin da aka manna a dandali ya nuna za a jera manyan motoci goma sha huɗu a filin sama, a kafa dandamali a bakin katangar, a harba tsohuwar igwar fada sau bakwai. Kowa a garin nan ya san irin ruwan da ake yi a tsakiyar Mayu.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Darakta ya turo injiniyan da ba na kamfanin ba cikin wannan mako, ya ba da umarnin hana kowace mota hawa filin sama, a kuma buɗe magudanai takwas ɗin. Na san inda bakin kowace yake ko da kankare ya rufe ta, zan nuna. Idan ofishinka ya ga aikin ba zai yiwu kafin ruwan Mayu ba, to a gaya mana gaskiya a rubuce, domin takarda mai hatimi ce kaɗai za ta fitar da tsofaffin layinmu daga gidajensu. Maganata ba ta isa ba, na gwada.

Ban ƙi bikin ba, ranka ya daɗe, garina ne. Idan injiniya ya zo ya ce na yi kuskure, zan tsaya a dandali in ba magajin gari haƙuri a gaban kowa, da farin ciki. Motar gunduma tana isowa dandalinmu ƙarfe tara da minti goma na safe. Daga gobe zan riƙa tsayawa a tashar kullum da fitila da takalman roba, na wanda za a turo da nawa.

Allah ya ƙara girma.

Naka cikin biyayya da girmamawa,

Bohumil Krejčík
Magini mai ritaya, Layin Gindin Fada, Lomnov.