Haƙorin Gaba

Silver Spring, Litinin

Kawu Fatihu,

Assalamu alaikum. Ina gaida Anti Sadiyya da yara. Takarda na rubuto na tura ta ƙarƙashin ƙofar asibitinka, don in na kira waya zan faɗi abin da ba a faɗa wa kawu.

Kogon haƙori ɗaya na ciki na kawo ka cike mini. Ka yi mini allura, baki ya mutu, sai ka goge karkataccen haƙorina na gaba ka ɗora masa farin rufi, wai kyauta. Wa ya roƙe ka? Shekara goma sha ɗaya ina busa ƙaho a kiɗan jazz, kuma a kan karkatar nan leɓena yake zama. Yanzu in na nemi sautin sama, iska ce kawai ke fita kamar taya ta sace.

Shekara shida ina yi wa wasu busa a situdiyo, ko a bayan faifai ba a taɓa sa sunana ba. Ranar Alhamis Constance, shugabar ƙungiyarmu, za ta ɗauki faifan farko da zai fito da sunana. Jiya ta saurare ni, ta ce in ban dawo daidai ba zuwa Laraba, wani mai busa ƙaho, Joel, shi zai busa a madadina.

Ka sha cewa busa ba sana'a ba ce. Ka faɗa mini gaskiya, da gangan ka yi?

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Munzali

Beltsville, Talata

Munzali,

Wa'alaikumus salam. Sadiyya tana amsawa. Na karanta takardarka sau biyu, na biyun bayan na huce.

Ba da gangan na yi ba. Yaya Rabi, mahaifiyarka, ta ce tun kana yaro kake rufe baki in za a ɗauki hoto. Na ga dama ta samu, na gyara. Ban tambaye ka ba, kuma a aikina wannan ba ƙaramin laifi ba ne.

Abin da na goge ba zai dawo ba. Amma kafin in taɓa bakin kowa nakan ɗauki zubin haƙoransa, wato samfurin siffarsu, naka yana nan. Zan gwada sassaƙa rufin ya bi tsohuwar karkatar. Ban san sautin da kake nema ba, saboda haka ka zo da ƙahon gobe da bakwai na safe, kafin marasa lafiya su iso. Ina gogewa kaɗan kaɗan, kana busawa. Ban yi maka alkawarin komai ba.

Allah ya yi maka albarka.
Kawunka, Fatihu

Silver Spring, Alhamis

Kawu,

Barka da yamma. Jiya da na bar wajenka na yi wa Constance busa. Ta ce ba sautina na da ba ne, ya fi kaushi, amma ba ta kira Joel ba. Yau mun ɗauka sau huɗu. Sautin sama ɗaya ya tsage, ta ce a bar shi haka. Sunana zai fito.

Har yanzu ina jin haushinka. Ka ba ma'aikaciyarka Glory haƙuri, na ga ta toshe kunne da nake busa a asibitin. Zubin nan kuma, kada ka yar da shi.

A gaida Anti.
Munzali