Tashar da Mahaifinki Ya Haƙa

Gangara, Damargu

Zuwa ga ɗiyata Zuhaira,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Allah ya sa albarka a karatunki. Mu nan sai godiya. An gama yankan gero, mahaifiyarki Rabi kuma ƙafar ta yi sauƙi, har kasuwa tana zuwa.

Ita ce ta faɗa mini sunan tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da kike shiga a bayan birnin Alje na ƙasar Aljeriya in za ki jami'a. Da na ji sunan, sai da na ajiye ƙwaryar furar da ke hannuna. Zuhaira, ni da ƙanena Ilyasu, mahaifinki, muna cikin waɗanda suka haƙa ta. Lokacin kina goye.

Sa'ad da muka isa wurin, ba kome sai gonar zaitun ta wani tsoho da filin sayar da tumaki. An ɗauke mu aiki don mun saba da haƙar rijiya. Aka sare itatuwan tsohon yana kallo, amma duk da haka shi ke kawo mana shayi da hantsi. Muka yi ta nutsawa cikin ƙasa har muka daina jin kiran salla, sai Ilyasu ya zama ladaninmu, muryarsa tana bin ramin har inda ido ba ya kaiwa. Yakan ce ranar da jirgin ya fara tafiya, bakin taga zai zauna, ko da duhu kaɗai zai gani. Allah bai nufa ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi lokacin sanyi, bai tashi ba. Muka binne shi a maƙabartar kan tudu, gabas da tashar, jikin katanga. Na dawo gida tun ba a shimfiɗa ƙarfen dogo ba, kuma yanzu idanuna ba za su kai ni ko garin Tanut da ke kusa da mu ba sai da ɗan jagora.

Ki rubuto mini yadda wurin ya zama, ɗana Hamidu zai karanta mini. Da haske a ciki? Ruwa ya daina ɗiga daga rufin? Na san a can mata suna ziyarar kabari. In kin samu sarari ranar Juma'a, ki hau tudun ki yi masa addu'a. Tun da na baro shi, ba wani nasa da ya tsaya a kansa.

Rabi, Hamidu da gwaggonki Dado suna gaishe ki. Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Baffanki,
Ɗan Azumi