Gwajin Tsayuwa da Ƙafa Ɗaya

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san ban yi nisa a makaranta ba, ga hannun kuma ya kumbura.

Na je asibitin da kika matsa mini. Ashe masana sun yi bincike sun fitar da ƙa'ida, wai duk tsoho a auna jininsa, a duba idonsa, a tambaye shi ko yana faɗuwa tun kafin ya karye. Nas ta ga tabon goshina ta tambaya, na ce mata ni da ƙasa mun zama aminai. Sai ta zaunar da ni kamar ɗan yaye tana mini nasiha, wai in naɗe tabarma, in sa ƙwan lantarki mai haske a banɗaki, in bar silifas. Ni da na tsufa a kan tsani ina fentin benaye. Har ta sa ni cikin nazarin da suke yi kan tsofaffi masu faɗuwa. A ƙarshe dai babanki ya shiga harkar ilimi.

Ƙanenki Auta yana nan. Ba ya gaishe ki, don ba ya gaida kowa.

Babanki, mai fenti.

Uwata,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar yara. Iya yi ya kashe ni. Na koma asibiti, nas ta ce in tsaya da ƙafa ɗaya. Maimakon in yi tangaɗi kamar sauran tsofaffi, sai na tsaya cak, har da rufe ido da naɗe hannu. Ta kore kowa daga ɗakin, ta ɗaga mini riga. Ta ce ba ta taɓa ganin ƙasar da ke zane mutum layi-layi a gadon baya ba. Na yi dariya ni kaɗai.

Tunda ta gani, ke ma ki ji. Auta ne. Tun da aka sallame shi daga gareji ya kama shan ƙwaya. Ya sayar da tsanina, da na yi magana ya shaƙe ni ya haɗa kaina da bango. Bayan nan wayar wuta ce ya ninka biyu, yana zabga mini ina zagaye tsakar gida, mamanku tana kuka a bakin kicin. Duka dai ya iya, ban san inda ya koya ba, ni ko ƙuda ban taɓa kore masa da ƙarfi ba. Nas ta ce akwai ofishin da ake kai irin wannan ƙara, kuma za ta raka ni. Na ce zan yi tunani. Yaya zan kai ɗan cikina? Kada ki gaya wa maigidanki.

Naki, Baba.

Uwata,

Ina gaishe ku duka. Mu dai ba lafiya. Ki zo ki tafi da mamanku.

Shekaranjiya da hantsi Auta ya zo zai ɗauki keken ɗinkinta, ta riƙe. Ya kwaɗa mata kujerar ƙarfe a fuska. Haƙoranta na gaba suka zube, jini har kan zaren. Na rarumi bokitin farin fenti na maka masa a ƙeya, ya juyo ya take mini hannu har na ji ƙashin ya yi ƙara. Maƙwabta suka ɓalle ƙofa, suka same mu duka uku a ƙasa, ja da fari sun gauraye. Ban taɓa yin aikin da ya yi muni haka ba.

An ɗinke mata baki. Daga gadonta na wuce wurin nas na ce na gama tunani. Jiya 'yan sanda suka zo, ni na nuna musu ɗakinsa. Suna jan sa yana kiran Baba, sunan da na daɗe ban ji a bakinsa ba. Na yi ta kallon filastar hannuna.

Mamanku ba ta yi mini magana tun lokacin. Likita ya ce ɗinkin ne, ni kuma na san ba shi ba ne. In za ki taho, ki biyo da bargo mai kauri, an ce a siminti ake kwana a wurin 'yan sanda. Ke za ki kai masa, kuma kada ki ce daga wurina yake.

Allah ya kawo ki lafiya.

Babanki.