Waƙar da Babu Ƙahon Baba

Coventry, 9 ga Maris, 1983

Yaya Hyacinth,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburi?

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Shekara biyar ke nan ina busa ƙahon Baba a ƙungiyarmu, muna kiɗan ska, samari na hayewa dandamali suna tsalle har katako ya yi ƙara. To, yanzu Malcolm mawaƙinmu ya ce wai mun girma. Ya ajiye baƙar hularsa, ya sayo fiyano. Sababbin waƙoƙinsa a hankali suke tafiya, duk zancen mutuwar aure ne da rashin aiki.

Cikin waƙoƙi goma sha ɗaya, a guda ɗaya tak ya bar mini gurbi, wadda ya yi kan rufe masana'antar motocin da ubansa da Baba suka yi wa aiki. Ya ce mini, "Lenny, daina ɗaure fuska, ga wurinka nan a ƙarshe, ka busa son ranka." Sadaka ke nan. Idan aka cire wannan, babu sauran aikina a ƙungiyar.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanenki,
Lenworth

Coventry, 2 ga Yuni, 1983

Yaya Hyacinth,

Bayan gaisuwa, na ji daɗin jin ƙafar ta yi sauƙi.

Mun saurari waƙar masana'antar nan sau biyu, da ƙaho da kuma babu. Kin san al'adarmu, komai sai an ɗaga hannu. Aka yi uku da uku, saura ni. Yaya, ta fi kyau babu ni. Inda muryar Malcolm ta tsaya, shirun nan shi ya sa ni hawaye, ƙahona kuwa sai ya cika wurin da hayaniya. Na ɗaga hannu a cire. Trevor mai ganga ya ce, "Kai, ka haukace? Abincinka ne fa!" Na sani.

Jiya aka sa ta a rediyo ina gidan Baba. Ya manna kunnensa mai ji a jikin rediyon har ta ƙare. Sai ya dafa gwiwata ya ce, "Na ji ka, yaro, can ƙasa-ƙasa. Ashe ka koyi busa a hankali."

Na kasa gyara masa. Don Allah, ke ma kada ki gyara masa.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Lenworth