Buhunan Rabi

Laraba da dare, Funtua.

Na gaji, amma barci ya ƙi zuwa. Ruwa ya tare mu a hanyar Dandume, ga masarata a bayan mota ba tamfol. Har na sallama ta.

Buhunan roba ne da Rabi ta shafe da wani sinadari a makarantarsu. Ranar da ta kawo su ta ce, "Baba, hura ka ji." Iska ta wuce. Ta tsiyaya ruwan buta, ya gangare kamar a ganyen gwaza.

Da muka isa kasuwa na zura hannu, masara a bushe ƙamas! Direba ya tambayi inda na samo buhunan. Na ce aikin 'yata ne. Ya ji sarai, amma sai da na maimaita.